Karen Da Ya Karɓi Gadi

A ƙasarmu kare ba shi da daraja. In ana so a ci mutuncin mutum sai a kira shi ɗan kare. Wurin kwanansa gindin rumbu ne ko bakin murhu, abincinsa kuwa ƙanzo da ƙashin da aka yar. 'Yan farauta kaɗai su ke ɗan kula da shi, su ma saboda zomo da gafiya. Domin haka na sani wani mai karatu zai yi dariya in ya ji cewa akwai ƙasar da a ke ba tsohon soja kare kamar yadda a ke ba gurgu sanda, har majalisa ta zauna ta yi doka a kan haka. To, a yi dariyar, amma a daure a karanta, gama maganar ta shafi gidaje da yawa a cikinmu, musamman gidajen da suka taɓa aika ɗa ko miji bakin daga.

Bari in fara da ciwon kafin in zo kan karen.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ciwon da na ke magana a kai ke nan, sai dai shi mai wannan ciwo ko'ina tsumma ya ke gani, dare da rana. Soja a bakin daga yakan koya wa jikinsa zama a shirye. Kunnensa na kan kowane motsi, idonsa na kan kowace ƙofa, barcinsa rabi ne. Wannan shiri shi ya ke ceton ransa a can. Yawancin sojoji in sun dawo gida, jikin yakan saki a hankali. Amma akwai waɗanda jikinsu ba ya yarda an gama yaƙi. Ƙarar tayar mota da ta fashe, ko warin man fetur, ko ma kukan yaro, sai ya mai da mutum wurin da abokinsa ya mutu, ya gani, ya ji, kamar yanzu abin ke faruwa. Da dare mafarki ɗaya ya yi ta dawowa. Sannu a hankali mutum ya daina zuwa kasuwa, ya daina zuwa biki, ya zama mai saurin fushi, ya rasa jin daɗin 'ya'yansa. Da yawa sukan nemi barci a cikin kwalba.

Ciwon ya daɗe a duniya kafin ya sami suna. A Yaƙin Duniya na Farko likitocin Ingila sun zaci girgizar harsashin igwa ce ta ke taɓa ƙwaƙwalwa. Manyan hafsoshi kuwa da yawa sun ce ragonci ne. Sojojin Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta su 306 aka harbe saboda laifin gudu ko tsoro da makamantansu, ba a yafe musu ba sai a shekarar 2006, bayan an gane cewa waɗansunsu marasa lafiya ne. Sai a 1980, bayan waɗanda suka dawo daga yaƙin Biyetnam sun matsa, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta rubuta ciwon a littafinta, aka ba shi haruffa huɗu na Turanci, PTSD. Da Hausa za mu iya cewa ciwon firgita bayan bala'i. Wani babban bincike da aka gama a 1988 ya nuna wajen mutum 30 cikin 100 na mazan da suka yi yaƙin Biyetnam sun taɓa fama da shi. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji ta Amurka ta ƙiyasta mutum 11 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda suka je Iraƙi da Afganistan suna fama da shi a cikin kowace shekara. Ita ce kuma ta ƙidaya tsofaffin sojoji 6,392 da suka kashe kansu a shekarar 2021 kaɗai. Ba dukansu ne wannan ciwo ya kai ga haka ba, amma yana cikin manyan dalilai.

Ni ban koyi wannan ciwo daga littafi ba. Wana, wanda na ke bi, ya shiga soja a 1967 da aka fara yaƙin basasa, yana saurayi mai barkwanci, gwanin buga kalangu da baki. Yaƙi ya ƙare a watan Janairu 1970, bayan 'yan shekaru aka sallame shi, ya dawo ƙauye da gaɓoɓinsa duka. Muka yi murna, muka yanka akuya. Sai daga baya muka lura. A majami'a ba ya zama sai a bencin ƙarshe kusa da ƙofa, bayansa na jingine da bango. Ranar kasuwa yakan aiki matarsa. Tsakar dare za ka ji takunsa yana zaga gida, yana taɓa kowace ƙofa, ya koma ya kwanta, can kuma ya sāke tashi. Lokacin Kirsimati, sa'ad da yara ke kunna abin fashewar nan nasu na wasa, sai ya ɗauki buzunsa ya tafi bukkar gona ya kwana uku. Mutanen gari kowa da abin da ya faɗa. Waɗansu suka ce burkutu ne, waɗansu suka ce wiwi ya koyo a bariki, waɗansu suka ce jinin da ya zubar ne ke binsa. Har a cikin masu bi an sami waɗanda suka ce da yana addu'a da gaske da ya warke, shi kuwa ban san wanda ya fi shi addu'a a gidanmu ba.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Matarsa ita ta san tsawon dare. Da mafarkin ya kama shi yakan yi ta fizge-fizge yana gurnani, in kuwa ka taɓa shi da hannu zai iya shaƙe ka kafin ya farka. Sau ɗaya ya yi mata haka, ya yi kwanaki yana kuka. Daga nan ta nemi doguwar gora ta ajiye a gefen gado. Da ta ji numfashinsa ya sāke, sai ta sauka ta tsaya daga nesa, ta zunguri ƙafarsa tana kiran sunansa har ya buɗe ido. Haka ta yi shekara talatin da 'yan kai, har ya rasu.

A shekarar 2022 ɗana, wanda ke aikin jiyya a Amurka, ya aiko mini da takardun tafiya, na je na yi wata biyar a wurinsa a birnin San Antonio na jihar Texas. Garin sojoji ne, barikoki sun kewaye shi, ko'ina ka juya sai ka ga 'yan mazan jiya. A babban kantin unguwa na fara ganin wani ƙaton mutum, maƙwabcinmu ne ashe, yana tura keken zuba kaya, ga wani kare mai ruwan zuma yana tafe a gefensa sanye da ɗan falmaran. Kare a cikin kantin abinci! Na miƙa hannu zan yi masa wasa, sai ɗana ya riƙe ni ya ce, "Baba, kada ka taɓa shi. Yana bakin aiki ne."

Na tsaya na ga aikin. Da mutumin ya shiga layin biyan kuɗi, ya faɗi kalma ɗaya a hankali, sai karen ya zaga ya zauna a bayansa yana fuskantar mutanen da ke zuwa. Bai yi haushi ba, bai nuna haƙori ba, zama kawai ya yi. Amma saboda yana nan, ba wanda ya matso ya taɓa mutumin ta baya. Nan take na tuna da bencin ƙarshe na majami'armu. Wana bango ya ke nema ya tsare masa baya. Wannan ya sami bango mai ƙafa huɗu da ke binsa duk inda ya tafi.

Da muka saba da maƙwabcin, muna zama a barandarsa da yamma, ɗana yana taimaka mini in Turancinsu ya yi mini sauri. Sau biyu ya je Iraƙi. Ya gaya mini ya yi shekaru ba ya shiga kanti sai wajen ƙarfe biyun dare, lokacin da ba kowa. Ya nuna mini abin da karen ya iya. In wani ya tsaya kusa da shi ƙwarai, karen yakan gitta a gabansa ya buɗe fili tsakaninsu. In sun dawo gida da duhu, karen yakan fara shiga ya danna makunnin lantarki da hanci, ya zaga ɗakunan, ya dawo ya nuna ba kowa. Yakan ɗauko masa jakar magani. Amma babban aikin ba ya cikin waɗannan. In mutumin ya fara karkaɗa ƙafa, ko murza hannuwa, ko numfashinsa ya fara sauri, karen ba ya jiran umarni. Zai zo ya tura hanci cikin tafin hannunsa, ya ɗora masa ƙafa a gwiwa, in abin ya yi ƙarfi ya hau ya kwantar da nauyinsa duka a kan cinyarsa. Nauyin nan da ɗumin jiki su ke janyo hankalin mutum daga Iraƙi su dawo da shi kan kujerarsa. Da dare kuma, in ya fara fizge-fizge, karen yakan ja bargo, ya lashe masa fuska har ya farka. Aikin gorar nan ke nan, sai dai matarsa tana barcinta.

Ba sihiri a ciki. Masu horo sukan kwaikwayi alamun, su karkaɗa ƙafa ko su rufe fuska da hannu, in karen ya zo ya taɓa su sai su ba shi ɗan abinci. A yi haka sau ɗari bisa ɗari har ya zama masa jiki. Bayan an haɗa shi da mai shi kuma, yakan koyi alamun mutumin nan na kansa, har ya riga shi sanin abin na tafe. Hanci ma yana da nasa rabo. A 2022 masu bincike na jami'ar Queen's a Belfast sun ba karnuka huɗu gumi da numfashin mutane, wanda aka ɗauka kafin a tayar musu da hankali da wanda aka ɗauka bayan haka, karnukan suka rarrabe daidai fiye da sau 90 cikin 100.

Ranar 4 ga Yuli ita ce ranar bikin 'yancin kan Amurka, da dare kuma sukan yi wasan wuta a sama, ƙara kamar ana ɓarin igwa. Na leƙa ta taga na hangi maƙwabcin a zaune a ƙasa cikin garejinsa, ya toshe kunnuwa, karen na kwance a kan ƙafafunsa. Yana shafa shi, yana shafa shi, 'yarsa ƙarama tana wasa a bakin ƙofa. Ba zan ce bai sha wuya a daren nan ba, na ga rigarsa ta jiƙe. Amma a gidansa ya kwana.

Kashegari na ba shi labarin wana da bukkar gona. Ya yi shiru, sa'an nan ya bayyana mini abin da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Ya ce a bakin daga soja ba ya rufe ido sai ya tabbata wani abokinsa na kan gadi. In lokacinka ya cika, wani ya zo ya karɓe ka, sa'an nan ka kwanta. Da aka sallame shi, abokan duka suka watse, ba wanda ya zo ya karɓe shi, shi kuma soja ba ya barin wurin gadi sai an karɓe shi. Yana ƙaunar matarsa, amma ita ce wadda ya ke gadi dominta, zuciyarsa ba ta yarda ya bar mata tsaron ba. Karen kuwa kunnensa ya fi nasa, hancinsa ya fi nasa. In karen na kwance lafiya, ya san ba kome. A ganina wannan ne gindin maganar duka. Kare ba ya goge abin da mutum ya gani. Gadin ya ke karɓa, har mutum ya iya runtsawa.

Yaƙi ne ma ya haifi wannan sana'a tun farko. A 1916 aka buɗe makaranta a garin Oldenburg na Jamus domin horar da karnuka su yi wa sojojin da suka makance ja-gora. Wata Ba'amurkiya, Dorothy Eustis, ta ga irin wannan aiki a Jamus ta rubuta labarinsa a 1927. Wani saurayi makaho, Morris Frank, ya ji labarin ya neme ta, a 1929 suka kafa makarantar The Seeing Eye a Amurka. A 1975 Bonnie Bergin ta fara horar da karnuka a Kalifoniya domin guragu da masu keken asibiti. Raunin da ido ba ya gani shi ya zo daga ƙarshe. Amurka ta yi dokar kare haƙƙin naƙasassu a 1990, a 2010 kuma aka gyara ƙa'idodinta, aka ambaci karen da ke kwantar da hankalin mai ciwon firgita a fili. Bisa ga wannan doka irin karen nan yana shiga kanti da gidan abinci da motar haya. Mai kanti tambaya biyu kaɗai ya ke da ikon yi: ko saboda naƙasa a ke tafe da karen, da kuma wane aiki aka koya masa. Ba shi da ikon tambayar mutum ciwonsa. Karen da ba a koya wa wani aiki ba, ko da yana faranta wa mai shi rai, doka ba ta ba shi wannan izini ba.

Gwamnati ba ita ta ke ba da yawancin karnukan ba, ƙungiyoyin taimako ne. Ɗaya daga cikin manyansu, K9s For Warriors, wata uwa ce ta kafa ta a Filorida a 2011, sunanta Shari Duval. Ɗanta ya yi aiki da karnukan neman bam a Iraƙi, ya dawo ya rufe kansa, ta lura ba ya sakewa sai yana tare da kare. Yawancin karnukan ƙungiyar daga gidan ajiye karnukan da aka yasar a ke ɗebo su. In an gama horonsu, sojan yakan je ya zauna mako uku a makarantar, shi ma a koya masa. Wannan ya burge ni, wanda aka yar ya zama mai ɗaga wani.

Yanzu fa, kada mai karatu ya ce tsohon malami ya je Amurka ya dawo yana tallar kare. Akwai tambaya ta gaskiya: abin yana aiki, ko kuwa daɗin labari ne?

Wani kyaftin na sojan Amurka, Luis Carlos Montalván, wanda ya je Iraƙi sau biyu ya dawo da rauni a jiki da zuciya, ya sami kare a 2008 mai suna Tuesday, watau Talata. A 2009 ya gamu da Al Franken, wanda ya zama sanata a shekarar, dokar farko da sanatan ya kawo majalisa kuwa ita ce a sa ma'aikatar tsofaffin sojoji ta bincika amfanin karnukan nan. Binciken ya sha tuntuɓe. An fara a 2011, aka dakatar bayan waɗansu karnuka sun ciji yara, aka sāke shiri a 2014, ba a fitar da sakamako ba sai 2021. Sojoji 181 aka ba karnuka, waɗansu masu horon aiki, waɗansu masu ladabi kawai ba tare da horon aikin ba, aka bi su wata 18. Duka ɓangarorin biyu sun sami sauƙi. Masu karen aiki sun ɗan fi samun sauƙin alamun ciwon, amma wajen gudanar da harkokin yau da kullum ba a ga bambanci ba. A 2024 masu bincike na jami'ar Arizona, ƙarƙashin Maggie O'Haire, suka gwada sojoji 156: mutum 81 da suka karɓi kare, da 75 da ke jiran nasu. Bayan wata uku, masu kare sun fi sauƙin firgita da damuwa da baƙin ciki, sun kuma rage keɓe kansu. Sai dai masu binciken da kansu sun faɗa cewa ba ƙuri'a aka jefa wajen raba mutanen ba, wata uku kuma ba dogon lokaci ba ne. A watan Agusta 2021 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan wata doka ta gwaji na shekara biyar a asibitocin sojoji guda biyar, har da na San Antonio, inda masu ciwon su ke taya horar da karnuka domin 'yan'uwansu.

Akwai likitocin da ba su gamsu ba, hujjarsu kuma ba ta banza ba ce. Maganin da aka fi tabbatar da shi ga wannan ciwo shi ne mutum ya zauna da ƙwararre mako bayan mako, ya fuskanci abin da ya ke gudu kaɗan kaɗan, har jikinsa ya koyi cewa kasuwa kasuwa ce, tsumma tsumma ne. To, in ji su, in kare ya zaga ɗaki kullum kafin mutum ya shiga, ba ana ƙara tabbatar masa cewa akwai abin tsoro a ɗakin ba ne? In ba ya iya fita sai da kare, ranar da karen ba shi da lafiya fa? Na auna wannan magana, na ga tana da nauyi. Amma na kuma ga mutumin da ya yi shekaru bai iya zama a ɗakin jiran likita ba, ga shi yanzu yana zuwa kowace Laraba da karensa a ƙarƙashin kujera. Wanda bai fita daga gida ba, ta yaya maganin zai same shi? Ni dai inda na tsaya ke nan: karen yana kai mutum ƙofar likita, ba ya zama likitan. Shi Kyaftin Montalván, wanda ya rubuta littafi a kan karensa a 2011, ya zaga ƙasa yana ƙarfafa wa sojoji zuciya, a watan Disamba 2016 ya kashe kansa a garin El Paso yana da shekara 43. Duk mai ba da labarin karnukan nan ya kamata ya faɗi wannan ma.

Ga kuma nauyi. Horar da kare ɗaya yakan ci dala dubu ashirin ko fiye, ko da ya ke ƙungiyoyin kyauta su ke bayarwa, masu jira kuma sukan yi shekara ko shekaru a layi. Maƙwabcina ya ce abin da ya fi damunsa shi ne karen yana tona masa asiri. Dā ciwonsa a ɓoye ya ke, yanzu duk wanda ya ga falmaran ya san akwai magana, har waɗansu su tsare shi suna tambaya ko ya kashe mutum. Amma ya ce akwai wani nauyin da ya zama masa alheri. Kare ba ya san mai shi na baƙin ciki ya fasa jin yunwa ba. Ƙarfe shida sai an tashi an ba shi abinci, an fita da shi. Ya ce akwai safiyar da ba don haka ba, da bai ga dalilin tashi ba.

A jirgi ina dawowa na yi ta tunanin namu. Kakanninmu sun je yaƙin Bama a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsararmu ta yi yaƙin basasa. 'Ya'yanmu sun je Laberiya daga 1990, suka wuce Saliyo. Jikokinmu suna arewa maso gabas tun 2009. Kowace ranar 15 ga Janairu a kan ajiye furanni domin waɗanda suka mutu, waɗanda suka dawo kuwa suna bencin ƙarshe. Ba na ruɗin kaina cewa gobe za a ga kare da falmaran a kasuwar Terminus ta Jos ko a tashar Kawo. Kuɗin horar da ɗaya zai ciyar da iyali shekaru. Direba ba zai ɗauke shi ba. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa suna kiyaye kansu daga yawun kare saboda tsarkin salla, wajibi ne a girmama wannan. Ga ciwon haukan kare, wanda har yanzu yana kashe mutane a ƙasarmu, ko da ya ke ana yin allurar rigakafinsa a nan Vom.

Duk da haka ban manta ba cewa a binciken nan na 2021, har waɗanda aka ba kare marar horon aiki sun sami sauƙi. In akwai tsohon soja a gidanku da ya shaƙu da karen gida, yana magana da shi, yana so ya kwana a bakin ƙofarsa, kada a yi masa ba'a, kada a kori karen. A yi masa allura, a ba shi abinci. Mutumin kuwa a raka shi asibiti, gama ciwo ne mai suna, yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitocin koyarwa. A kuma dubi matarsa. Zumuntar mata takan kai wa mai jego ruwa da itace, amma wadda ta yi shekara goma ba ta yi barcin kirki ba, ba a cika tunawa da ita ba.

Da na huta gajiyar tafiya na je ƙauye gai da matar wana. Ta tsufa, idonta ya rage gani, tana zaune a inuwar mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Na ba ta tsarabarta, na kwashe labarin maƙwabcin da karensa na faɗa mata, har yadda ya ke jan bargo ya tashe shi daga mafarki. Ta saurara ba ta ce kome ba, hannunta bai daina aiki ba. Can ta ce, "Malam, to shi karen, yaushe ya ke barci?"

Na ce, "Yaya, da rana in sun dawo gida a kan cire masa falmaran ɗin, ya yi wasa, ya yi barcinsa. In ya kai shekara goma ko kusa da haka kuma sai a sallame shi daga aiki, a kawo wani ya karɓe shi."

Ta ce, "Ashe har hutu a ke ba shi." Ta tura mini kwaryar gyaɗar, ta kira jikarta ta kawo mini ruwa.